Zakkar coci daga kuɗin ciniki ake cirewa ko daga riba?

Maman Ladi, Samaru:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ku warware min wani abu da ya daɗe yana cina. Ni awo nake yi a kasuwar Samaru da ke Zariya, masara da wake. Misali in na saro buhu dubu 50, in na auna shi mudu-mudu ya ƙare sai in tashi da kamar dubu 56, a cikin dubu 6 ɗin nan ne zan biya kuɗin mota da ɗan dako da leda, to ranar Lahadi wani baƙon mai wa'azi ya ce duk kuɗin da ya shigo hannunka ɗaya bisa goma na Ubangiji ne, wanda ya ba da ƙasa da haka kuma ɓarawo ne. Na lissafa, dubu 5 da ɗari 6 kenan, me ya rage min? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya ishe mu. Ba na so in cuci Allah, amma jarina ƙanƙancewa yake yi.

Baba Tsohon Malami, Wusasa:
'Yata, kwantar da hankalinki. Jari iri ne, manomi ba ya cinye irinsa. Duba Maimaitawar Shari'a 14:22, maganar amfanin da gona ta bayar ne a shekara. Naki amfanin shi ne abin da ya rage bayan kin fitar da kuɗin buhu da mota da dako, in dubu 4 ne zakkarki ɗari 4. Mu da muka tashi a gindin tsohon cocin ginin ƙasa na St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929, mun ga godiyar kaka, wani dami yake kawowa, wata kaza, wata tsohuwa ƙwaryar gyaɗa, ban taɓa jin an ce wa mai ƙwarya ta yi kaɗan ba.

Ɗan Kongo:
Baba da girmamawa, ni fa har wannan kashi goman ina da magana a kai. A ina manzanni suka ɗora wa ikilisiya shi dole? 2 Korantiyawa 9:7 cewa ta yi kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Kullum Malakai 3, inda aka ce mai hana zakka Allah yake cuta, ake ɗaukowa a tsorata mutane da ita. Akwai cocin da na bari a garin nan saboda kati suke bugawa da sunanka, in babu tambarin wata uku a kai ko jana'izar gidanku sai an yi ta ja da kai, wannan haraji ne ba baiko ba.

Baba Tsohon Malami:
Ɗana, kati da barazana ni ma ban yarda da su ba. Amma na lura masu cewa ba dole ba ne sau da yawa ko kashi biyu ba sa kaiwa. Mai bishara da ke ƙauye can bayan Giwa da me zai ci? Ka ɗauki goman a matsayin ma'auni, in ka fi haka madalla.

Uwar Zumunta, Sabon Gari:
Maman Ladi ni shawara ta kasuwa zan ba ki, don nima na yi awo. Sayi ɗan littafi, duk buhun da ya ƙare ki rubuta abin da kika saro da abin da kika kashe, ki cire na Allah nan take ki sa a ambulan, kar ki bari sai ƙarshen wata don kuɗin awo ba ya kwana, yau gishiri gobe kuɗin makaranta. 1 Korantiyawa 16:2 ma mako-mako ta ce a riƙa ajiyewa gwargwadon samu. Sannan ki kula da mudunki. Na san masu kai zakka cif-cif amma gindin mudunsu a bubbuge yake, an tura shi ciki, kuma su cakuɗa tsohon wake mai ƙwari da sabo. Irinsu Yesu ya yi wa faɗa a Matiyu 23:23, suna zakkar ganyen miya sun bar gaskiya da jinƙai.

Maman Ladi:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Mama, littafi kam gobe zan saya. Mudu na lafiya lau yake, kowa na iya zuwa ya duba, hhh. Saura abu ɗaya, ma'aikatan jami'a da ke ɗaukar awo bashi sai an yi albashi fa? Yanzu haka rabin ribar buhu biyu tana hannun mutane. In cire tun yanzu ne, ko sai sun biya?