Yaya zan hana famfo tashi ranar da za a yi ruwan sama?

Mai Barkono: Salamu alaikum. Na haɗa ESP32 (ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi da ake rubuta wa umarni) da famfon lambuna, yana tashi kullum ƙarfe 6 na safe. Jiya sama ta kece, shi kuma yana ta bulbulo ruwa har fangali ya shafe. Ya zan yi ya riƙa duba hasashen yanayi tukuna?

Ɗan Waya: Wa alaikumus salam. Gwada Open-Meteo, shafin intanet mai ba da hasashen yanayi, ba ya neman rajista. Ba shi lambobin taswirar gonarka, ka nemi precipitation_probability, wato yiwuwar saukar ruwan sama. In ya haura kashi 70 cikin 100, famfo ya yi zamansa.

Uwar Biyu: Malam, in intanet ta ɗauke fa? Rubuta wa ESP32 ɗin abin yi, kada ya tsaya jira barkono ya bushe.

Ɗan Waya: Gaskiyarki, Hajiya. Mai Barkono ya kuma binne na'urar auna danshin ƙasa, don hadari kan haɗu ya watse ba ko ɗigo.