Rurrutsa ta same ni, yarona bai cika shekara ba

Mai neman shawara (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune unguwar Zariya nan Maradi. Yarona na fari watansa 10, sai ga shi shekaranjiya gwaji ya nuna ina da ciki, lissafi ya kama wata uku. Tun da na haihu ban ga al'ada ba, shi ya sa na saki jiki. Wallahi sai da na shige ɗaki na sha kuka, Allah ya yafe mini. Maigida kabu-kabu yake yi, ba mu shirya ba. Uwar mijina ta ce nono ya ɓaci, ranar Juma'a za ta zo ta tafi da yaron Tibiri a yaye shi. Wata maƙwabciya kuma ta ce ɗan da uwa ba ta yi murna da cikinsa ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta ja a lakwal. Tun ranar ko wasa na kasa yi wa yaron, nono kawai nake ba shi in ajiye. Gaskiya ne na cuci na cikin? Kuma in bar ta ta ɗauke shi?

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam. Share hawayenki ƙanwata, rabin matan gidan nan mun yi wannan kukan. Maƙwabciyar taki ta ji tsoron Allah.

Ungozoma Bagalam:
Ƙanwata, kukan da kika yi bai rubuta komai a goshin jariri ba. Abin da ke cutar yaran da aka samu ba shiri shi ne abin da ke biyo baya. Mace ta ɓoye cikin saboda kunya, ba ta zuwa awo sai wata shida ko bakwai, ba ta sha maganin ƙarin jini ba, a fizge babba daga nono, ita kuma ta zauna cikin ƙunci. Duk waɗannan a hannunki suke.

Akwai abin da muke kira kwana 1000 na farko, daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2. A nan jiki da ƙwaƙwalwa suka fi saurin ginuwa, tsumburewar da aka yi a lokacin da wuya ta gyaru. To ke yanzu yara biyu gare ki cikin wannan zangon: na goye saura masa wata 14, na ciki ya ci kusan kwana 90. Don haka gobe ki tafi awo. Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da gidan sauro, kuma daga sati 13 ana fara ba mai ciki Fansidar don kariyar zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Tun 2006 awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati a Nijar, ko da yake wani lokaci a ce magani ya ƙare a rubuto miki ki saya.

Nono kuwa bai ɓaci ba. Zai ragu wajen tsakiyar ciki, ɗanɗanonsa ya sauya, shi ke nan. In ba kya zubar jini, ba tagwaye ba ne, ba ki taɓa haihuwar bakwaini ba, ki ci gaba da ba shi. Yayen dare ɗaya a wata 10 shi ne hanyar da na fi ganin tamowa na shigowa: yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi abinci, zawo ya biyo.

Hajiya Inna:
Ni dai kar ku mayar da kakar yaro abokiyar gaba. Haka muka taras, mu ma haka aka yi muna, don a hutar da mai ciki ne. Ɗiyata, kada ki ce mata a'a tsirara. Mijinki za ki sa gaba, shi ya san bakin uwarsa. Ku roƙe ta ta zo nan ta yi muku sati biyu tana riƙon yaron kina hutawa, ta samu jikanta, yaro bai rabu da nono ba.

Malam na Sabon Gari:
In ƙara da abin da ya shafi addini. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa. A Sahihu Muslim kuma Annabi (SAW) ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Malamai sun fassara gila da kusantar mai shayarwa, wasu suka ce shayarwa da ciki. Ki sa maigida ya kai wa mahaifiyarsa wannan cikin ladabi.

Malamar jardan:
Ni inda kika ce kin daina yi masa wasa ne ya tsaya mini a rai. Yara 'yan shekara 4 da 5 nake koyarwa, kuma ban taɓa gane wanda aka shirya cikinsa da wanda ba a shirya ba. Wanda nake ganewa tun satin farko shi ne yaron da ake yi wa magana a gida. Ba sai da kayan wasan kanti ba. Kina tankaɗe ki riƙa faɗa masa sunan abin da ke hannunki, ki miƙa masa ludayi da ƙwarya ya buga, in ya yi gwaranci ki amsa kamar hira kuke. Amma in ƙuncin nan ya wuce sati biyu, ba barci, ba cin abinci, ki faɗa a wurin awo. Ciwo ne, ana taimaka masa.

Maman Biyu:
A watansa ya ci sau uku zuwa huɗu a yini ban da nono. Kunun gero mai kauri, ki daka ƙuli-ƙuli ki zuba, garin zogale, wake, ƙwai in ya samu. Ke ma ki ƙara cin abinci, baki uku kike ciyarwa.

Ungozoma Bagalam:
Na manta abu guda, don masu karantawa. Shayarwa tana hana ciki ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi, kuma ƙwai yana iya sauka kafin a ga jinin farko. Naki cikin ya shiga yaron yana wajen wata 7, ya riga ya wuce wata 6. In kin sauka lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wata 24 kafin wani cikin. Ku je tare da maigida ku zaɓi hanyar hutu.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa maigida jiya da dare. Ya yi shiru, daga baya ya ce zai hau babur ya je Tibiri da kansa ranar Alhamis kafin ta taso. Ban san abin da za ta ce ba. Na fiddo katina na awon farko, anti ungozoma shi zan tafi da shi ko sabo za su buɗe mini?