Portrait da landscape: a tsaye da a kwance ya wadatar

1. 'Yan'uwa malaman kwamfuta, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. A makarantun ƙauyukanmu na Jigawa kowa da sunan da yake ba portrait da landscape. Wani ya ce "dogon shafi", wani ya ce "mai faɗi", wani ya bar su da Turancinsu, yara su haddace ba su san abin da suke faɗa ba.

2. Asalin kalmomin daga masu zane suka fito. Hoton mutum (portrait) yakan fi tsawo, na daji da tsaunuka (landscape) yakan fi faɗi. Shi ya sa wani abokin aikinmu a wajen Ringim ya kawo shawarar "fuskar mutum" da "shimfiɗar ƙasa". Malam, ina girmama ra'ayinka, amma ka ce wa yaro "mayar da shafin shimfiɗar ƙasa" ka ga ko zai motsa.

3. Ni abin da nake goyon baya shi ne a tsaye da a kwance. Ba mu muka ƙirƙiro su ba, suna bakin mutane. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon biki da waya ya ji an ce masa "kwantar da wayar". Yaron da ya yi makarantar allo kuma ya san allonsa a tsaye yake, baƙin allon aji a kwance. Takardar A4 ma, milimita 210 da 297, ko ka tsayar da ita ko ka kwantar.

An kawo "a gicciye". Kalma ce mai kyau, sai dai tana nuna abu ya gitta wani abu, kamar itace a kan hanya. Shafi bai gitta komai ba.

4. Orientation ɗin kansa fa? Na zaɓi "zaman shafi", wato yadda shafin ya zauna.

5. Ga inda sunan yake da amfani. Malamin gona yana son nuna wa manoma karan dawa tun daga saiwa har zangarniya, wannan hoto a tsaye yake so. Bayansa taswirar fadama, ita kuwa a kwance. A PowerPoint ba za ka gauraya su cikin fayil ɗaya ba: da ka shiga Design, ka taɓa Slide Size ka sauya zaman shafi, duka shafukan za su juya tare. Google Slides ma haka. Word ne yake yarda, idan ka raba takardar sashe-sashe.

Dabarar ita ce fayil biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a haɗa su da mahaɗi (link ɗin da in an taɓa zai buɗe ɗayan), a ajiye su wuri guda. Amma gaskiya ni na fi son a bar komai a kwance, a sa dogon hoton a tsakiya, bayani a gefensa. Hasken majigi a kwance yake fita, tun PowerPoint 2013 ma ma'aunin farko 16:9 ne, wato faɗi 16 tsawo 9. Shafi a tsaye tsukewa yake yi, gefe da gefe baƙi, na bayan aji ba sa ganin rubutun.

6. Saura slide. Wasu na cewa "falle", ni "shafin majigi" nake faɗa wa ɗalibaina. Malaman Kazaure da Gumel, me kuke cewa a ajinku?