Bikin shigar mayu ga yara: don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum, iyaye mazauna Ingila. 'Yata za ta cika shekara 11 ranar 30 ga Oktoba, jajibirin Halloween (bikin Turawa da yara ke shigar ban tsoro), ta kafe sai bikin shigar mayu: baƙar hula mai tsini, tsintsiya, da kabewa da aka fafe aka yi mata ido da baki. A nan wasa ne kawai, amma Hajiyarmu da ta ji sai salati take yi.

Inda na maƙale shi ne yaran. Ƙananan 'yan shekara 5 duhu kaɗan ke sa su kuka, manyan kuma sun ce fentin kabewa aikin jarirai ne. Wane wasa zai haɗa su a falo ɗaya? Sannan alewar nan mai siffar tsutsa, yawancinta da gelatin na alade. Ina ake samun ta halal?