Gwajin jinin mahaifina ya nuna CO2 ya yi ƙasa, huhu ne ko me?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina yana fama da ciwon suga da na ƙoda. A gwajin jinin da aka yi masa, CO2 ya nuna 18, alhali takardar ta ce daidai shi ne 23 zuwa 29. Likita sai mako mai zuwa zai gan shi. Huhunsa ne ya samu matsala? Wata ta ce in riƙa jiƙa masa bekin soda yana sha. Don Allah masu sani ku taimaka, hankalina a tashe yake.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. CO2 ɗin da ke wannan takarda kusan duk baikabonet ne, sinadarin da ke kashe tsamin jini, kuma ƙoda ce ke kula da shi. Jini yana son ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya tsaya tsakanin 7.35 da 7.45. Idan ƙoda ta yi rauni, asid, wato sinadari mai tsami, yakan taru ya cinye baikabonet ɗin. Ga mai ciwon ƙoda, can hankali zai fara zuwa kafin huhu.

Ɗalibin likitanci: Ƙari kan bayanin Anti. Ita iskar CO2 kanta, wadda muke fitarwa da numfashi, gwajinta daban ne. Daga jijiyar da ke bugawa a wuyan hannu ake ɗibar jinin, kuma daidai ɗinta 35 zuwa 45 ne a ma'aunin matsin iska, wato mmHg. Idan ta narke a jini asid take zama. Shi ya sa in tsami ya yi yawa jiki yakan zurfafa numfashi don ya fitar da ita. Huhu cikin mintoci yake gyara, ƙoda kuwa sai ta ɗauki kwanaki.

Wani dattijo: 'Yata, ki bar maganar bekin soda. Ko da yake baikabonet ne, akwai sodiyam a ciki, sinadarin da ke cikin gishiri, yana iya tayar da hawan jini ya kumbura ƙafafu. Likitoci kan rubuta shi a ƙwaya, amma da awo, suna bibiyar gwaji.

Ma'aikaciyar jinya: Abin da ya fi damuna shi ne sugan, don shi ma yana iya tara asid a jini. Ki lura da Baba: numfashi mai zurfi da sauri, amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, yawan barci ko ruɗewa. In kin ga haka, sashen gaggawa za ku nufa ko da tsakar dare ne. Yana gudawa? Wane magani yake sha?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Numfashinsa lafiya lau, amma tun shekaranjiya yake gudawa. Metformin yake sha, maganin suga.

Ma'aikaciyar jinya: To kada ku jira mako mai zuwa. Gudawa tana zubar da baikabonet, tana kuma busar da ruwan jiki, ƙodar ta ƙara wahala, sannan metformin yana iya taruwa a jini ya ƙara asid. Ku kai shi asibiti yau, da takardar gwajin da duk magungunansa a hannu.