Waɗanda suka koma filin bishara bayan sun daɗe a gida, yaya kuka tarar?

Mai bishara daga unguwar Zariya:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni da maiɗakina mun yi hidima a Chadi, har ciwon Baba ya maido mu Maradi. Mun yi jinya, Ubangiji ya kira shi, an raba gona, yara sun shiga lakwal a nan. Yanzu ikilisiyar can ta aiko tana kiranmu. Zuciyata ta amsa, amma ƙafa ta yi nauyi. Larabcina ya yi tsatsa, hanyar Diffa kuma kun san yadda take tun 2015. Don Allah wanda ya taɓa komawa ya faɗa mini gaskiya.

Wata uwa daga Tsibiri:
Sannu da rashi, Malam. Mu Parakou muka koma, a Benin, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, sai kwalekwale. Ina rungume da jakar takardu, autana yana riƙe da zanena, ruwa yana taɓa bakin jirgi. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar. Matan zumunta da na koya wa karatu sun yi sabuwar shugaba, yarinyar da na bari ba ta iya buɗe Zabura ba. Ita ke jan addu'a yanzu, kuma ta iya ƙwarai. Ranar Lahadi ta farko na zauna a bencin baya na yi kuka, rabi murna, rabi ban san me zan kira shi ba. Maiɗakinka za ta sha wannan fiye da kai, ka zauna da ita ku yi maganar tun kuna nan.

Dattijon ikilisiya, Danja:
Ɗana, wurin da ka bari ba ya nan yana jiranka. In ka isa, kada ka nemi makullin majami'a, kada ka nemi littafin kuɗin baiko. Ka je gidan wanda ya riƙe aikin a bayanka, kai za ka fara gaishe shi, ka tambaye shi inda yake son ka sa hannu. Ina yaro na ga Turawan mishan na SIM suna dawowa daga hutun gida. Waɗanda muke tunawa da alheri su ne masu tambaya kafin su gyara. Tun 1924 suka shigo Damagaram, amma aikin bai kafu ba sai da 'yan ƙasa suka ɗauke shi a kansu. Can ma haka ne.

Malamar jinya:
Baba na Danja ya faɗi ta zuciya, ni bari in faɗi ta aljihu da ta jiki. Sefar Chadi ba tamu ba ce, tasu ta Afirka ta Tsakiya ce. Daraja ɗaya, amma mai shago ba zai karɓi taka ba, 'yan canji kuma sai sun ci nasu. Ka duba fasfonka da na yara, ka nemo katin rigakafin shawara. Kuma a auna muku hawan jini da suga kafin ku tashi. Wanda ya gama doguwar jinya yakan fita da gajiyar da bai san yana ɗauke da ita ba.

Wani ɗan'uwa daga Gidan Rumji:
Ni an kira ni, ban koma ba, kuma ba na jin na saɓa wa Ubangiji. Tsohuwata ba ta da kowa sai ni. Ina wa'azi a ƙauyukanmu, ina noma. Malam, Baba ya tafi, to Inna fa? Wa zai duba ta? Kada kunyar ikilisiya ta sa ka ce i.

Wata uwa daga Tsibiri:
Na manta maganar tallafi. Waɗanda suka yi mana alkawari da fari, da yawa sun koma tallafa wa wasu, kuma ba laifinsu ba ne. Sai da muka bi ikilisiyu ɗaya bayan ɗaya. Ku yi yawon da kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu. Wata tsohuwa ta ba mu tiya biyu ta wake ta ce ba ta da kuɗi, amma kowace Laraba za ta ambaci sunanmu.

Mai bishara daga unguwar Zariya:
Na gode, Allah ya saka. Inna tana wurin ƙanena, ita ce ma ta fara cewa mu tafi. Baba na Danja, maganarka ta shige ni, yau da dare zan kira ɗan'uwan da ke riƙe da aikin. Abin da ya rage shi ne babbar 'yarmu, bana take aji na jarrabawa. Akwai wanda ya taɓa barin yarinya a hannun dangi har ta gama? Yaya kuka yi da kuɗin lakwal da kewarta?