Bandeji ne ke sa yarona ƙaiƙayi?

Maman Yara: Salam jama'a. An wa yarona diresin a ƙafa, yanzu gefen ciwon yayi ja da ƙananan ƙuraje sai susa yake, ko bandejin ne jikinsa baya so?

Wani Nas: Hajiya farin bandejin nan auduga ce, da wuya ya kawo haka, yawanci gam ɗin filasta ne ko roba ko aidin da aka shafa, duba ki gani in jan ya bi sawun filastar daidai to ita ce. Ki ce su sa masa ta takarda.

Anti Talatu: Ga zafin nan kuma, gumi na taruwa a ƙasa. Kar ki bari ya jiƙe.

Wani Nas: Amma in akwai mugunya, kumburi ko zazzaɓi ku koma asibiti yau.

Maman Yara: Wallahi sawun filastar ne sak, nagode.